Ƙugin Tsohuwar Jita

Da Auta ya ɗaga hannu daga kan tsirkiyoyin, sai ƙugin ya dawo. Ba ƙara ba ce mai tsaga kunne. Wani gurnani ne mai kauri wanda ba ya yankewa, irin na tsohon firji, yana fitowa daga sifika yana cika falon har gilashin taga na amsawa. Ya mayar da hannun, ƙugin ya ɗan lafa. Ya ɗaga, ya dawo. Haka ya yi ta yi, kamar mai fatan jitar za ta gaji ta bari don kanta.

"Baban yara," in ji matarsa daga kicin, "in an gama niƙan a kashe injin. Kaina ya fara sarawa."

Ya ja tsaki, ya zare wayar, ya zauna yana kallon jitar a kan cinyarsa.

Auta makaɗin jitar bes ne, wato jitar nan mai kaurin murya da tsirkiya huɗu, wadda masu sauraro ba sa sanin tana cikin waƙa sai ranar da aka cire ta. Furfura ta cinye masa rabin gemu, amma a gida da waje Auta ake ce masa, tunda daga kansa mahaifiyarsu ba ta sake haihuwa ba. Ya daɗe yana kaɗa wa wani mawaƙi da 'yan ƙungiya ke kira Shugaba. To amma kwanan nan kiran ya ja baya. An ɗauki waƙoƙi a situdiyo ba a neme shi ba, sai a rediyo ya ji su, kuma ya ji bes a ciki. Mai Fiyano ne, wanda shi ne kuma mai situdiyon, yake danna ta a fiyano da hannun hagu, na dama riƙe da kofin shayi.

Da Auta ya yi ƙorafi, Shugaba bai yi masa ɓoye-ɓoye ba. "Kai ma ka saurara tsakani da Allah," in ji shi. "Abin da jitarka ke bayarwa, fiyano na bayarwa. To, da wane dalili zan taso ka daga gida?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Tana nan tsaye ranar da ya shiga wani shagon tsofaffin kayan kiɗa neman tsirkiya, ya hango wata jita rataye a bango bayan tarin ganguna. In ba ta girme shi ba, to sa'arsa ce. Fentinta ya koɗe a inda hannun wani ya shekara yana gogawa, wuyanta ya yi sulɓi. Mai shagon ya jona ta a sifikarsa, Auta ya taɓa tsirkiya mafi kauri sau ɗaya, sai ya ji abin a ƙirjinsa kafin ya iso kunne. Murya ce mai ɗumi, da ɗan kaushi a ƙarshenta, kamar ta dattijon da ya farka yana gyaran murya. Nan take ya ɗauki sautin a waya ya aika wa Shugaba. Bai kai ga mayar da jitar bango ba amsa ta shigo: "Wannan kam fiyano ba ta da ita. Ka zo mini da ita ranar Asabar, da kai za mu ɗauki sabuwar waƙar."

Bai tsaya dogon ciniki ba. Musaya suka yi. Ya ba da jitarsa mai lafiya, wadda ba ta taɓa ba shi kunya a gaban jama'a ba, ya haɗa da sifikarsa, ya rungumo tsohuwar ya kawo gida. Da yake yanzu ba shi da sifika, sai ya aro ta yayansa. Yana jonawa ƙugi ya ce salamu alaikum.

Ya kira mai shagon a waya. "A gabanka aka gwada, da hannunka ka kaɗa," in ji mutumin. "Ni jita na ba ka, ban ba ka ƙugi ba." Ya kashe. Auta ya yanke wa kansa cewa an yi masa wayo ne, ai akwai fanka tana ta gudu a shagon, ita ta rufe gurnanin. Ya yi tunanin kai jitar situdiyo ya gwada, sai ya tuna wanda zai tarar a can. In Mai Fiyano ya ji wannan abin da safe, kafin la'asar Shugaba ya ji. Gara a gyara a gida, asiri a rufe.

Kuma ga mai gyara a gidan. Shagon Yaya shi ne ɗakin gaba, ƙofarsa na kallon titi, duk mai shiga gidan ko fita sai ya wuce ta gabansa. Rediyoyi da talabijin ne jibge har rufi, wasu masu su sun manta da su, wasu masu su sun rasu. A kan tebur ga fitila mai dogon wuya, ga mitar awon lantarki, ga ƙarfen narka dalma yana hayaƙi. Yaya shi ya riƙe Auta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, kuma har yau in yana magana Auta ba ya katse shi.

Yaya ya kwance murfin bayan jitar, ya janyo fitilar, ya leƙa, ya yi dariya.

"Kai Auta, me ka kwaso mana? Dubi wayoyi masu riga! Rabon da in ga waya naɗe da zane tun ina ɗan koyo. Duk abin da ya girme ni a cikin nan, fita zai yi."

"A dai bi a hankali, Yaya. Tsufan nan shi na saya."

"Tsufa ka saya, ga shi yana yi maka tari. Riƙe mini fitila."

Ka'idar Yaya a wurin aiki guda ce, ita ta ciyar da gidan tsawon shekaru: a cire abin da ake zargi, a sa sabo, a kunna a gani. Ya fara da ramin da ake soka waya, ya ce tsatsa ta cinye shi. Ya cire, ya sa sabo, ya ɗiga dalma. Suka jona a sifika. Ƙugi. Ya ce to igiyar da ke tsakanin jita da sifika ce, aka sayo wata. Ƙugi. Washegari ya cire maɓallan murɗa sauti guda biyu, ya wurga su cikin gwangwanin tarkace, Auta na kallo kamar ana cire masa haƙori. Ya zare wayoyi masu riga ya sa na roba, ja da baƙa. Ƙugi, ko gezau. Daga nan ya ce iska ce ke shiga da hayaniyar lantarki, sai an lulluɓe cikin jitar da takardar alminiyam. Aka aika kicin aka kwaso wadda matar Auta ke rufe abinci da ita, aka manne ramin tas. Da aka kunna, gurnanin ya fito yadda yake, sai ma Auta ya ga kamar ya ƙara ƙarfi don mugunta.

Haushi ya turnuƙe shi. Ba ƙugin kaɗai ba, har da yadda Yaya ke yin aikin cikin nishaɗi yana fito, kamar rediyon wani aka kawo wanda zai iya jira wata guda. Duk sanda aka rufe murfi, zuciyar Auta sai ta ɗan tashi, ya goge hannu a wando, ya ce bismillah, ya murɗa. Duk sanda ƙugin ya amsa, sai ya ji kamar ya buga jitar da ƙasa.

A cikin wannan hali ne idonsa ya sauka kan sifikar. Akwatin katako ce lulluɓe da ragowar kafet, Yaya ya haɗa ta da hannunsa tun yana saurayi, daga kayan matattun rediyoyi. Babu baƙon da zai zauna a shagon bai ji tarihinta ba. Auta ya juya maganar a baki, ya zaɓi mafi laushinta.

"Yaya, ba wai wani abu ba. Na ce ko za mu ɗan gwada da wata sifikar, don dai mu tabbatar."

Yaya ya ajiye ƙarfen dalma. Ya sauke tabaransa zuwa kan hanci, ya dubi ƙanensa ta sama.

"Mu tabbatar da me?"

"A'a, don dai..."

"Sifikar da na haɗa kana yawo ba wando? Yau ita ce mai laifi, tsohon itacen da ka tsinto shi ne mai gaskiya?" Ya fizge igiyar daga jitar, ya jona ƙaramin rediyonsa a sifikar. Muryar mai karanta labarai ta cika shagon, garau, ba ko ɗigon gurnani. "Ka ji ƙugi? Ina tambayarka, ka ji?"

"Ban ji ba, Yaya. Ka yi haƙuri."

Daga nan aka rufe babin sifika.

Da yamma matarsa ta same shi a tsakar gida, ya yi tagumi, abincinsa ya huce. Ta zauna kusa da shi.

"Ni dai ban san kan abin nan ba," in ji ta, "amma mutum ma in asibiti ɗaya ta gagara ai wata ake kai shi. Ka ɗauke ta ka je wani wuri mana."

"Ta ina zan fita da ita? Ta gaban shagonsa? Ya ce ina za ka, in ce masa me? In ce na raina aikinka?"

"To ka ce masa gwajin waƙa za ku yi."

"Da jitar da ya san tana gurnani?"

Ta ce, "Kai da Yaya sai Allah. Ci abincinka."

Ranar Juma'a da safe Shugaba ya kira, muryarsa cike da fara'a. "Ina tsohuwar tamu? Kullum sai na saurari sautin nan da ka aiko. Na ma sake gina waƙar a kansa, na bar maka fili a baiti na biyu, kai kaɗai da ganga."

"Tana nan lafiya lau," in ji Auta. "Sai goben."

Ya ajiye wayar, ya juya ya dubi jitar.

Abu ɗaya ya rage a cikin jitar da ba a taɓa ba. Ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai wani ɗan baƙin akwati mai tsawon yatsa, maganaɗisu ne a ciki naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi sauti. Yaya kunne yake ce masa. Tun farko ya so cire shi, Auta ya roƙe shi, don ko bai san lantarki ba ya san muryar nan da ya saya a cikin kunnen take.

"Saura kunnen," in ji Yaya da hantsi, yana zuba kayan aiki a jaka. An kira shi gyaran talabijin a wani gida. "Ka yi shawara kafin in dawo. Ni dai na gaya maka, kurma ne."

Auta ya zauna shi kaɗai a shagon. Ba zai bari a cire kunnen ba, wannan ya yanke. Amma dubawa ai ba cirewa ba ce. Wataƙila datti ne, wataƙila wata 'yar waya ce ta saki, abin da mutum zai gani da ido ya gyara kafin Yaya ya dawo da ka'idarsa. Ya sassauta tsirkiyoyin, ya kwance kusoshin, ya ɗago kunnen a hankali ya kwantar da shi a ƙarƙashin fitila. An naɗe shi da wani tsohon baƙin ƙyalle, ya bushe ya yi maiƙo, ƙura ta manne a jikinsa. Ga datti kuwa. Ya sa farce ya kama bakin ƙyallen ya ɗan ja. Ya taso. Ya ƙara ja.

Bai ji ƙarar komai ba. Sai dai ya ga wani abu kamar gashi, ja-ja, ya biyo ƙyallen yana lilo, sannan wani, sannan wani. Wayar tagullar ce. Shekaru sun haɗe ta da ƙyallen, ya yage ta a wurare da yawa, bakunan sun nutse cikin naɗin.

Ya mayar da ƙyallen ya danna da babban yatsa, kamar hakan zai mayar da abin da ya faru. Ya ɗaura kunnen, ya jona, ya taɓa tsirkiya mafi kauri. Babu sauti. Ya buga da ƙarfi. Babu komai sai ƙugi, shi kam yana nan daram.

Yaya ya dawo ya ɗora mita a kan kunnen, allurar ba ta motsa ba. Ya buɗe ƙyallen ya gani, ya dubi Auta. Wannan kallon ya fi wa Auta zafi a kan faɗa.

"Ba za ta haɗu ba?" in ji Auta.

"Waya mai kaurin gashi, ta tsinke a ciki? Sai dai a warware duka a naɗa sabuwa, kuma wanda ya naɗa wannan ya daɗe a ƙasa. Tashi ka je kasuwa kafin a rufe. Ai dama kurma ne, na faɗa maka."

Sabon kunnen da ya samo yana ƙyalli a cikin leda, da rubutun kamfani a jiki. Yaya ya ɗaura shi, ya ɗiga dalma, ya rufe murfin, ya ce yanzu dai babu abin da ya rage na da sai katako. Auta bai ce bismillah da ƙarfi ba wannan karon. Ya murɗa.

Sauti ya fito. Ƙugi ma ya fito, shi ɗin dai, bai ragu ba bai ƙaru ba.

Su biyu suka yi tsaye suna kallon jitar. Can Yaya ya sosa ƙeya ya ce, "To wannan katakon ne da kansa. Akwai kayan da ba sa jin magani." Ya kashe fitilar tebur.

Ranar Asabar Auta ya saɓa jitar a baya ya tafi situdiyo, ba don yana da abin da zai nuna ba, sai don rashin zuwan ya fi muni. A hanya ya tsara abin da zai ce: zai roƙi Mai Fiyano ya rage gurnanin da na'ura, shi kuma ba zai ɗaga hannu daga tsirkiya ba har a gama.

Ɗakin ɗaukar sautin ƙarami ne, an manne bangonsa da soso, sanyin na'ura na busawa. Shugaba na zaune a kan doguwar kujera yana karkaɗa ƙafa. Mai Fiyano ya tashi ya gaishe da Auta da hannu biyu, ya karɓi jitar yana shafa wuyanta.

"Kai, Baba Auta, wannan ai dukiya ce. Kawo in jona maka."

Ya soka igiya, ya ɗaga sauti. Auta ya runtse ido yana jiran abin kunya.

Shiru. Ya buɗe ido, ya zaci ba a kunna ba. Ya taɓa tsirkiya, sauti ya fito tsaf, ya mutu tsaf, babu abin da ya biyo bayansa.

"Babu ƙugi?" Maganar ta kuɓuce masa.

"Ƙugi kuma? Tas take. Tana yi maka a gida ne?" Mai Fiyano na gyara maɓallansa, ko ɗagowa bai yi ba. "Ka duba sifikar da kake sawa. In ba ta da wayar ƙasa, mai zubar da rarar lantarki, haka take yi da jita, ko sabuwa ce fil. Rediyo ko waya ba za su nuna ba, jita ce ke tona mata asiri."

Auta ya nemi kujera ya zauna. Ya tuna gwangwanin tarkacen Yaya da abin da ke cikinsa, ya tuna farcensa a bakin ƙyallen. Ashe jitar lafiyarta ƙalau. Tun ranar da ya kawo ta gida lafiyarta ƙalau.

"To, bismillah," in ji Shugaba yana tafa hannu. "Mu ji tsohuwa."

Aka saki ganga. Auta ya shiga, kuma ya kaɗa da kyau, don yatsunsa ba su san abin da ya faru ba. Ya bi baiti na farko, ya shiga filin da aka bar masa a na biyu, ya zuba duk abin da ya iya. Sautin na fita sumul, mai tsabta, ba kaushi ba ɗumi, irin wanda ke cikin kowace jitar da ke rataye a kowane shago.

Ƙafar Shugaba ta daina karkaɗawa. Ya ɗaga hannu aka tsayar. Ya ciro wayarsa ya kunna sautin da Auta ya aiko masa, ya kara a kunne, ya sauke.

"Ita ce kuwa?"

"Ita ce."

"To ina muryar?"

"An ɗan yi mata gyara," in ji Auta.

Shugaba ya dube shi, ya dubi jitar, bai tambayi wane irin gyara ba. Mai Fiyano, wanda ba ya son ganin an yi shiru a ɗakinsa, ya ce bari ya ga ko na'ura za ta taimaka. Ya murɗa nan ya murɗa can, ya sa Auta ya sake taɓawa, ya girgiza kai. Sannan, ba da wata manufa ba, don dai ya kwatanta, ya juya ga fiyanonsa ya latsa wani maɓalli, ya danna da hannun hagu. Abin da ya fito shi ne abin da ya fito daga jitar Auta yanzun nan. Ko mahaifiyar sautin ba za ta bambance su ba. Shi kansa ya ji, ya yi saurin janye hannunsa.

Shugaba ya yi ajiyar zuciya. Ba mugu ba ne, kuma hakan bai rage wa Auta komai ba.

"Ba laifi," in ji shi a hankali. "Ka sha hanya, ka huta tukuna. Filin nan na baiti na biyu sai mu cike shi da amshi." Ya ajiye wayarsa. "Amma bin da ka yi wa baitin farko ya yi mini daɗi ƙwarai. Don Allah nuna wa Mai Fiyano yadda ka bi, ya ɗauka."

Mai Fiyano ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa. Auta ya ja kujerarsa kusa da fiyanon, ya gyara wa jitar zama a cinyarsa, ya fara nuna masa sannu a hankali, yana maimaita inda ke da wuya, don kada a ɓata waƙar.